Dankalin da Ya Ba da Shaida a Ofis

Ka taɓa ganin shukar da ƙishirwa ke kashewa alhali ƙasarta a jiƙe take sharkaf? Baba Mai Lambu ya gani, tukunya sittin da huɗu a mako guda.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da furannin harabar wani ofis, bokiti arba'in kowace safiya. Manajoji tara sun zo sun wuce. Na goman ne ya zo da gaggawa: yana son fure cikin kwana goma, a ninka takin zamani sau uku. Baba ya ce sam. Ranar hutun Baba, manaja ya sa aka barbaɗa.

Ran Laraba ganye ya yi yaushi. Manaja ya ce, "Tsufa ne, ba ka ba su ruwa. Juma'a ka ajiye makullin famfo."

A gida matar Baba ta ce, "Malam, ka ba shi haƙuri mana."

"Ni na kashe su?" Ya suri dankalin turawa a kwandonta.

"Cefanen nawa za ka kai ofis?"

"Shaida zan kai."

Ran Alhamis ya dire kofi biyu a teburin manaja, takalminsa duk laka. Ya yanko yanka biyu sirara daga dankalin. Ɗaya ya jefa a ruwa zalla, ɗaya a ruwa mai gishiri cokali uku.

Ya ce, "Yallaɓai, dankali da saiwa duk ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da 'yar fatarsa. Ruwa na ratsa fatar, shiga da fita, amma inda gishiri ya fi yawa can yake bi. Takin nan dangin gishiri ne. Shi ya zuƙe ruwan saiwa."

"Yaushe ka zama malamin kimiyya?"

"Tun kana rarrafe."

Minti arba'in Baba na tsaye ƙiƙam. Na ruwa zalla ya fito da tauri, ya karye ɓas. Na gishiri ya lanƙwashe kamar roba. Manaja ya juya shi sau uku, ya ce a hankali, "To yanzu fa, Baba?"

"A wanke ƙasar, bokiti tamanin. Makulli kuwa yana aljihuna, nan zai zauna."

Tukunya hamsin da ɗaya suka farfaɗo. Sha uku suka mutu, kuma har yau Baba ya ƙi ɗauke su daga ƙofar manaja.

Kada ka yarda da ni. Dankali ɗaya, kofi biyu, gishiri cokali uku, minti arba'in. Tashi ka gwada.