Jakar Takardun Ruwan Shuka

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Rano, ba wanda ya taɓa leƙo ajina ya ga abin da nake yi. Sai ga wani sabon malami daga Fammar, ko zango biyu bai cika ba, har shugaban makaranta yana jawo kujera ya zauna a bayan ajinsa. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba.

Wasu tsofaffin takardun ajami ne suka jawo masa wannan farin jini. Wani manomi ne ya yi ta rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka kowace shekara, da ranar da ya ɗauke, da shekarun da tsutsa ta ci gero. Ɗalibai suka mai da su boko, suna gwada damunar da da ta yanzu. Har nawa ɗaliban can suke zamewa. Ni kuwa ina ta zana ma'aunin ruwan sama a allo, abin da ko ni ban taɓa riƙewa da hannuna ba.

A ɗakin malamai na ce ai wannan tatsuniya ce, ba kimiyya ba. Murmushi kawai ya yi, abin ya ƙara ƙona min rai.

Ran nan na faki idonsa na ɗauko jakar fatar da yake ajiye takardun a ciki. Tun ban buɗe ba na gane ta. Ta mahaifina ce. Bayan rasuwarsa ni na kai ta wani masallaci a Kibiya, don na ga harufan Larabci na ɗauka addu'o'i ne, kuma ba a barin irinsu inda za a taka. Ko layi ɗaya ban karanta ba, ajamina ya tsere tun ina firamare.

Ya shigo ya same ni riƙe da ita.

"Malam, kawuna limami ne a wani masallaci a Kibiya, shi ya ba ni. Ko ka san mai su?"

Na ce, "A'a."

Ya zaro ɗaya. "To ji wannan: ruwan shuka ya sauka ran Laraba, ranar da aka haifa min ɗa namiji. Allah ya sa ya yi karatu."

Ran Laraba aka haife ni, farkon damina. Na ce masa rubutun ya yi kyau, na miƙa masa jakar, na koma ajina.