Saura Mutum Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Kuwabara Shozo ya yi a tsaye a bakin dandamalin tashar garinsu, da farar safar hannu da usur a wuya. Aikin ba shi da wani armashi. Ya nuna ƙofa da yatsa ya ce "Daidai", ya nuna fitila ya ce "Daidai", sannan ya busa. Haka ake koya wa ma'aikacin jirgin ƙasa a nan, don ido kan yi ƙarya, amma in yatsa da baki suka shaida, da wuya a yi kuskure. Ba ya son surutu. Tinƙahonsa ɗaya ne: jirgi bai taɓa makara a hannunsa ba. Yakan gaya wa sabbin ma'aikata cewa ranar da yatsanka ya fara ƙarya, ka ajiye usur tun kafin a karɓe.

Da ya bar aiki sai ya koma gida da yatsan. Tun rasuwar matarsa Tomiko, shekara biyu ke nan, da shi yake lallaɓawa. Murhu a kashe, daidai. Magani an sha, daidai. Sai dai tun bara aka fara samun giɓi. Tukunya ta ƙone sau biyu. Maƙwabciya ta tsince shi a bakin titi da silifas ɗin cikin ɗaki, ita ce ta buga wa 'yarsa Natsuko waya a Osaka.

Natsuko ta zo hutun Agusta da mijinta Noboru da 'yarsu Mayu. Ta ce a hau jirgi a je bakin teku, a yini a dawo. Shozo ya yarda. Ya riga ya hango takardar gidan kula da tsofaffi a jakarta, ya kuma san gidan yana kan layin, tasha biyu kafin teku. Ya gane gwaji ne. In ya kai su ya dawo da su ba tuntuɓe, gidansa na nan nasa.

Don haka shi ya ja gaba. Lokutan jiragen duk suna kansa, har ya gyara wa Noboru abin da wayarsa ta nuna. A tasha ya sayo akwatunan abinci, shinkafa da gasasshen kifi, guda biyar.

Mayu ta ƙirga ta yi dariya. "Kaka, mu huɗu ne fa. Ko budurwa ka yi aka ɓoye mana?"

Noboru ya yi wuf ya ce shi ya roƙi biyu, yunwa ke cinsa. Ya kuwa cinye duka yana gumi. Shozo ya san ƙarya surukinsa ya yi, abin da ya kasa ganowa shi ne dalilin ƙaryar.

Teku ta yi lafiya. Bai ɓata ba, bai maimaita labari ba, har ya ga Natsuko ta saki jiki ta tura jakar ƙarƙashin benci.

A komowa akwai canjin jirgi, minti uku kacal, ga cunkoson masu hutu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sa su gaba kamar yadda ya saba. Natsuko ta shiga, daidai. Noboru, daidai. Mayu, daidai. Yatsan ya tsaya a sama, ba wanda zai nuna. Ƙararrawa ta kaɗa, ƙofa ta taso za ta rufe, sai ya sa ƙafa ya tare ta.

Ma'aikacin dandamali ya sheƙo yana rusunawa yana ba da haƙuri, ya ce a janye ƙafa. Shozo ya ce saura mutum ɗaya, ta je bayi, halinta ne sai ana shirin tashi. Ya ce a ba ta daƙiƙa goma.

Natsuko ta kama hannun rigarsa. "Baba. Mama ba ta zuwa."

Ya dube ta. Sannan ya dubi agogon tasha, don shi ne bai taɓa yi masa gardama ba. Jirgi ya makara da minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Jirgi ya tashi. Aka sanar da neman afuwar fasinjoji saboda jinkiri. Ba wanda ya kalle shi a taragon, kowa ya sunkuyar da kai, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mayu ta zauna kusa da shi.

Da aka ambaci tasha ta gaba, inda gidan tsofaffin yake, ya nuna jakar Natsuko ya ce ta fito da takardar. Ta ce ba yau ba, kowa ya gaji, a bari sai an huta an yi shawara. Noboru ya ce ai kowa na mantuwa, shi ma jiya ya bar lema a kanti.

"Ka ci shinkafa biyu, ya isa haka," in ji Shozo. "Nan za mu sauka. Akwai wani jirgin bayan minti ashirin da biyar, zai ishe mu a ga ɗakin."

Ƙofa ta buɗe. Ya bar su suka fita, ya bi bayansu. A kan dandamali hannunsa ya ɗaga da kansa, ya kama shi ya cusa a aljihu.

"Natsuko," ya ce, "ke ki ƙirga mu."