Dela Ƙi-Yarda da Dinarin Abhur

Da hantsi Hajja Dela take shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, a ɗakinta na unguwar Waziriyya a Jidda, ta ja kujera kusa da taga, domin ba ta yarda da hasken lantarki ba. Abubuwan da ba ta yarda da su ba suna da yawa. Sikelin masu zinari, hoton waya, da duk labarin da ya fara da "wallahi kakana ne ya binne." Shi ya sa matan unguwa suka laƙa mata Dela Ƙi-Yarda. Su zagi suka nufa, ni kuwa yabo na ji.

A Sudan aka haife ta. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, maƙerin azurfa ne, ita ke jera masa tsofaffin kuɗi a sarƙar amare, har yatsunta suka san nauyin kowanne. Da direbobi da masu gadin gidajen Abhur, can bakin teku, suka shiga yayin jihaz, na'urar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe a cikin rairayi, sai ƙofarta ta zama wurin zuwa. Wannan ya kawo zobe, wancan ya kawo maɓalli yana rantsuwa lambar sojan Turkawa ce. Dokarta ɗaya ce: kada a wanke, a kawo abu da ƙasar da aka same shi a ciki. Matanmu kuwa ba sa iya ganin tsatsa su ƙyale. Maƙwabciyarta Rakia ta taɓa dirje wani tsohon kwabo da lemun tsami har rubutun ya gudu, ta kawo shi yana ƙyalli.

"Kin wanke masa baki, Rakia," in ji Dela. "Yanzu da me zai yi mini magana?"

An daɗe ana raɗe-raɗin wai tana kushe kayan mutane ne don ta saye da araha. Na bi sawun maganar gida-gida, ban samu mutum ɗaya da ya taɓa sayar mata da ko allura ba. Ba ta saye. Idan abu ya tsufa da gaske, cewa take a kai wa hukuma, kada tsintuwa ta zama laifi. Masu raɗe-raɗin dai sun ce ai wannan ma dabara ce.

Bara ne Usuman ya zo. Direba ne a wani gida a Abhur, da mata da 'ya'ya a makaranta. Abokinsa Mahamat ya kai shi wani fili kusa da teku, jihaz ya yi kuka, suka tono kuɗi masu launin zinari da rubutun Larabci. Mahamat ya ce nan ne jiragen alhazan zamanin da suke sauke kaya, abin da ke ƙasa ya fi wanda ya fito, amma aikin na mai cikakken lokaci ne. Usuman ya yanke shawarar ajiye makullin mota ya gudu daga hannun kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Kowa ya san abin da ke biyo baya: iƙama, takardar izinin zama, ta mutu, mutum ya koma ɓuya, yara su bar makaranta. Matarsa Sadiyya ta tare ƙofa, ta ce ba inda za shi sai Hajja ta gani.

Ya zube kuɗin a gaban Dela har da ƙasarsu, yana murmushi. Dela ba ta taɓa kuɗin ba. Ƙasar ta dangwala ta ɗora a harshe.

"A ina ka ce, Usuman?"

"Bakin teku, ya khala," in ji shi, wato inna da Larabci. "Kina jin ƙarar ruwa daga wurin."

"Ƙasar bakin teku da babu gishiri? Wannan ai irin wadda ake zuba wa furanni ce a gidan kafilinka."

"Ruwan sama ya wanke ta."

"A Jidda? Masha Allah."

Ta jera kuɗin a hasken taga, ta kira Sadiyya ta duba. Kowanne yana da 'yar tsaga a gefe, wuri ɗaya, tsawo ɗaya. Kuɗin da suka yi yawo a hannun mutane kowanne da irin raunin da ya ji. Waɗannan daga mazubi ɗaya aka zubo su.

"Wa ke riƙe da jihaz?"

"Mahamat."

"Wa ya ce a tona nan?"

"Mahamat."

"Jihaz ɗin na sayarwa ne?"

Usuman ya fara tattara kayansa. "Halas, shi ke nan, na gane. So kike ki san wurin ki tura naki."

"Nawa su wa? Gwiwoyin nan?" Ta dafa su. "Kada ka yarda da ni, ɗana. Ni ma tsohuwa ce mai baki. Ka ari wani jihaz, ka koma kai kaɗai ranar hutunka, kada ka gaya wa kowa. Amma makullin nan ka bar shi a aljihu tukuna."

Sadiyya ta ce wallahi sai ta je ta yi wa Mahamat tas. Dela ta riƙe mata hannu. "Ban ce shi ya binne ba. Ƙila shi ma binne masa aka yi." Ko wanda zargi ya fi sauƙin faɗawa kansa, ba ta yarda a yanke masa hukunci da hanzari ba.

Usuman ya koma. Murafen gwangwani ya tono, da ƙusa, da cokali. Bai dawo ya faɗa mata ba, Sadiyya ce ta kawo labarin. Shi kuwa ya daina bin layin gidanta.

An raine mu a kan cewa mutumin kirki shi ne mai saurin yarda. Ban taɓa gamsuwa da wannan ba. Ke ce, Dela, kika nuna mini akwai shakkar da tausayi ne zalla. Ke ce kika gwammace a fita daga ɗakinki ana jin haushinki, da a fita ana murna a faɗa rami. Faɗin "eh, zinari ne" bai da wuya, kuma da an so ki.

Yanzu idanunta sun yi rauni, ta ce ba za ta ƙara yanke hukunci a kan abin da ba ta gani sosai ba. 'Yarta Zubaidatu ta mayar da ita wurinta a unguwar Safa. Ranar tashi, wanda ya zo da mota, da izinin kafilinsa, sabuwar iƙama a aljihu, Usuman ne. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Sai da suka hau titi ya ce, "Ni fa har yanzu ina ganin akwai wani abu a filin nan, ya khala."

"To ka riƙa zuwa ranar hutu," in ji ta. "Yalla, dubi gabanka."

Mun gode, Hajja Dela. Allah Ya ƙara lafiya, Ya saka miki da abin da bakinmu ya kasa. Ku kuma da kuka rage a Waziriyya, a samu a cikinku wanda zai jure a ji haushinsa. 'Ya'yan Usuman suna aji yau.