Loretta, wadda ta ƙi matsar da turke

Kafin rana ta leƙo ta bayan tsaunukan jihar Oregon ta Amurka, Loretta Vandehey ta riga ta ɗaure takalminta, ta cusa kofi da burodi a jaka, ta kutsa daji da igiyar awo. Aikinta auna itatuwa. Kamfanoni masu ƙona mai kan biya masu daji su bar itatuwansu tsaye su zuƙe hayaƙin, sannan su shiga talla suna cewa kayansu ba sa ɓata iska. Amma kafin su buɗe baki, sai irin su Loretta sun gani da ido, sun sa hannu.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: na'ura ke zaɓen wuri, ba mutum ba. Inda ta nuna, nan ake kafa turke a auna abin da ke kewaye, kurmi ne ko faƙo.

Shekarar da gobara ta lashe rabin dajin da ake tallata wa fasinjojin jirgin sama cewa yana zuƙe hayaƙin tafiyarsu, wuraren awon suka faɗa tsakiyar toka. Shugabanta Curtis Brandvold ya biyo ta har can, da takalmin ofis ɗinsa.

"Haba Goggo Loretta," in ji shi, "ga kore shar can hayin rafi. Ɗan matsar da turken mana. Wa zai sani?"

"Ni."

"Saura ƙiris fa ki yi ritaya. In kwangilar nan ta kufce, da ke za ta tafi."

"Ta tafi mana! Kai Curtis, je ka kara kunne a wancan kututturen. In ka ji yana numfashi, miƙo biro."

Abokan aiki suka sunkuyar da kai suna gumtse dariya. Ta auna gawayi, ta rubuta gawayi. Kafin wata ya mutu aka sallame ta, inshorar asibitinta ta bi iska, ga mijinta kwance da ciwon ƙoda.

Da hukumar kare masu saye ta soma bincike, mutane da yawa sai mantuwa ta kama su. Loretta ta tuƙa tsohuwar motarta ta je ta faɗi abin da ta gani. Aka sauke tallar. Aikin kuwa ba a mayar mata ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Ke ce raina kama ka ga gayya, Loretta. Ke ce kika tsaya wa fasinjan da bai san sunanki ba, wanda ya ƙara 'yan daloli a kan tikiti da zuciya ɗaya, yana zaton itace ya saya. Ba a yanka miki kek ba, ba a yi miki jawabi ba. Sun ƙwace albashi, sun ƙwace inshora, amma su bincika duniya kaf, ba za su sami sa hannunki a ƙarƙashin ƙarya ba.

Mun gode, Goggo. Ku kuma masu shiga daji a bayanta, ku koya: gara a kore ku da sunanku a hannu da a riƙe ku babu shi.