Ramin da tsoho ya bar mini

Shekarun baya, ina dako a Gaya, kusa da gadar kan iyaka. In kamiyoyi, manyan motocin kaya, sun maƙale a duwan wajen 'yan kwastan ba aiki, sai mu haƙa ramuka a yashi mu yi dara. Wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Ni kullum a tsaye nake.

Akwai wani tsoho masunci daga Tunuga, Hausarsa ta kasuwa ce. Shi da kara, ni da tsakuwa. Cin da yake mini bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, da mun gama jerawa, ba a ko motsa ɗa guda ba, sai ya ce, "An gama." Kuma an gaman. Me yake gani a yashin da ni ba na gani?

Na tambaye shi. Ya ce, "Samari, ido gare ka."

Kwana uku ina kallo, ban ga komai ba. Rana ta huɗu na ɗauki kwandon kifinsa har tasha. Na sauke, na ƙi tafiya. Ya dube ni, ya tsuguna, ya zana ramuka da yatsa. Ya sa tsakuwa biyu a jere, ya tsallake rami, ya sa ɗaya.

"Wa ke jera haka?"

"Ni."

"Me ya sa ba ni toshe ramin tsakiya?"

"Ka manta, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Cika shi."

Na cika. Huɗu. A dara uku ke ci, huɗu banza ce. Dokar na san ta tun ina yaro. Ashe tun wajen jerawa yake toshe mini ko'ina, ya bar wannan ramin, ni kuwa ina ta tara 'ya'yana a bakinsa.

Ya ce, "Kai ɗan dako, lodi kake so. Dara ba kamiyo ba ce."

Washegari na warwatsa tsakuwata. Ya ci ni dai. Amma sai da ya cire hula ya sosa kai. Bayan mako biyu shi ya tashi, ni na zauna.

Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, lissafina kaɗan ne. Amma har yau in gwani ya bar mini hanya a buɗe, ba na murna. Tsayawa nake in ƙirga abin da ke gefe da gefe.