Birkin Ammu Sale

Har gobe ban manta da Lahadin da Ammu Sale ya shigo mana da rimot a cikin leda ba. Lokacin ina shekara ta huɗu a sashen gyara na wakilin wani kamfanin na'urar gem, a unguwar Safa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, duk ƙarshen wata mai gyara yakan rubuta ƙorafin da ya fi yawa, manaja ya sa hannu, a tura wa kamfani. Ni kuwa waɗanda suka ishe ni su ne masu wasan jefi-jefi, masu sayen na'ura don baƙi da hutun Sallah. Sai su kutsa wurin sauya aikin maɓallai, su hargitsa komai, su zo suna mana ihu wai rimot ya lalace. Wata uku a jere ina rubuta cewa wurin nan yana rikita mutane. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Da kamfani ya turo sabon gyara ta intanet, sai ga shi an cire wurin ɗungurungum. Har murna na yi.

Ammu Sale, wato Baffa Sale a harshen mutanen nan, tsohon direba ne daga garin Kurayyat, shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun hagu. Ya daɗe yana tseren mota a na'urar da hannu ɗaya, saboda ta wurin sauya aikin maɓallan nan ya mayar da birki da giya ɓangaren dama. Kullum bayan la'asar yake karawa da tsofaffin abokan aikinsa, kuma abin da ya rage masa na tuƙi ke nan.

"Ya waladi, ɗana, duba min," ya ce. "Tun Alhamis birki ya koma hagu. Ina kallo motata tana dukan bango."

Na san babu abin da ya lalace. Na haura wurin manaja na ce, "Ustaz, a rubuta musu su dawo da wurin nan."

"Ya akhi, ɗan'uwa, mutum ɗaya ne," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Iyalai ake nema yanzu, kowa ya ɗauka ya buga. Ba kai ka rubuta ba? Halas, shi ke nan."

Raina ya ɓaci matuƙa, har yau yana ɓaci. Wai don mai wasa sau biyu a shekara kada ya wahala, sai a ƙwace wa mai wasan kullum sitiyarinsa? Ɓoye wurin ya gagare su?

Dokarmu ta hana sauya cikin rimot. Duk da haka na kwance shi, na ja wayoyin birki da giya zuwa dama, na liƙe da dalma. Takardar gargaɗi ta same ni ranar Talata, tana nan cikin fayil ɗina.

Ammu ya gwada a gabana, ya sha kwana lafiya lau, ya yi dariya. Nan na gaya masa cewa da hannuna a cire wurin. Dariyar ta ɗauke. Ya dube ni ya ce, "Ka taɓa ganina a nan?"

Na ce a'a.

"To, saboda abin yana min aiki ne."

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan. Rahotonmu masu ihu kawai yake ji. Kafin ka rubuta a cire abu, ka tuna da wanda bai taɓa zuwa ba.