Mutumin da Ya Ƙirga Kwanukan Abinci

Ƙarya muka yi, mu duka arba'in da uku, masu ƙananan masana'antu a layinmu na gabashin Osaka. Babban kamfanin da muke yi wa noti da kusoshi ya kwashe rabin aikinsa ya kai ƙasar Tailan. Cibiyar binciken tattalin arziki ta aiko mana da takarda tana tambaya: kasuwa ta yi kyau, da dama-dama, ko ta lalace? A watan nan na sallami mutum biyar cikin goma sha ɗaya, amma da hannuna na zaɓi dama-dama. Kowa haka ya yi. A wurinmu, in ka ce ka durƙushe, gobe sauran masu ba ka aiki za su janye, ga kunyar maƙwabta.

Rahoto ya fito cewa ƙaurar manyan kamfanoni ba ta taɓa ƙanana ba. Manya shida suka buga masa hatimi. Sai aka cire unguwarmu daga shirin haɗa ƙananan masana'antu da sababbin masu saye, tunda mu da kanmu mun ce lafiyarmu ƙalau.

Sunana Inokuchi Tetsu. Ina ɗan shekara goma sha biyar na bar makaranta na kama injin mahaifina, kuma ban iya yabon mutum ba. Amma ƙarshen watan Maris Kuwabara Shigeo zai ajiye aiki, kuma ban ji ana shirya masa komai ba.

Shekara talatin da huɗu yana wannan cibiya. Aikinsa karɓar takardun da muka cike. Da safe ya hau tsohon kekensa, kwat ruwan toka, jaka a kwando, ya bi layi yana rusunawa a kowace ƙofa. Ba a ce ya yi tunani ba. Shi kuwa bayan rahoton ya fito, sai muka riƙa ganinsa kullum kafin sha biyun rana, tsaye a bakin kwata da ɗan littafi.

Rannan na ce masa, "Kuwabara-san, ofishinku ba a ba ku abinci ne?"

"Iska nake sha, shugaba."

"A bakin kwata?"

Toshie, matar da ke raba mana abincin rana a mota, ita ta tona shi. "Tetsu, wannan mai kwat ɗin naku akwai motsi a kansa. Kwanuka yake ƙirga min, har da tambayar nawa nake kawowa bara." Ta gaya masa. Bara ɗari huɗu da goma, bana ɗari biyu da talatin.

Wata rana ya shigo wurina ya rusuna. "Shugaba, takardarka ta ce mutum goma sha ɗaya. Kwano shida ake sauke maka. Sauran biyar rage ƙiba suke yi?"

Na ɗauki sifana. Na ce in sunana ya fita, zan mayar da kekensa kusoshi.

"Ba sunanka nake so ba. Adadin ma'aikatanka nake so."

Na ba shi. Ƙofa ƙofa ya bi har ya samu daga talatin da takwas. Shekara goma sha tara ke nan, babu wanda ya ji sunan ɗayanmu daga bakinsa. Nawa ni na faɗa yau.

Ya kai wa shugabansa, wanda shi ne ya rubuta rahoton farko. Aka ce masa abin da hatimi shida ya hau ba a tayar da shi. Sau biyu yana komawa. A na uku ya tsallake shugaban ya kai sama, abin da duk wanda ya taɓa aiki a ƙasar nan ya san ba a yafewa.

Aka sake rahoto, aka dawo da mu cikin shirin. Ba kowa ya tsira ba, goma sha biyu sun rufe. Ni yanzu kusoshin gadon asibiti nake yi, da mutum tara, biyu daga cikin waɗanda na sallama ne.

Kuwabara, kai ne ka ƙi yarda da takarda ka yarda da cikin mutane. Kai ne ka rufa mana asiri ba tare da ka rufe gaskiya ba. Mai keke, mai ɗan littafi. Na yi maka barazana da sifana, ka cece ni da fensir. Na gode, kuma ban cika faɗin haka ba.

Ku masu bincike na yanzu da ke aiko mana tambaya ta waya, ku fito ku tsaya a bakin kwata. Mu kuma mu daina zaɓar dama-dama.

Rahoto na biyu da sunan shugabansa ya fito. Shi kuwa aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, tebur ɗaya, babu waya, taga tana kallon bango. Waɗanda ya koya wa aiki yanzu su yake rusuna wa. Matsayin da yake kai ranar da ya fara tsayuwa a bakin kwatarmu, da shi zai tura kekensa gida.